Rasuwar Baba Duro, Mai Tace Ruwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, tare da miƙa kai ga nufin Ubangiji, iyalin Malam Leonard Kumai, malamin kimiyya a Kafanchan, suna sanar da rasuwar Baba Duro, wanda ya yi barci ran Asabar, 13 ga Maris, 1976, yana da shekara uku.

Marigayi tsohon duron kananzir ne da ya tuba. Malam Leonard ya cika masa ciki da gawayin ɓawon gyaɗa da totuwar masara, bayan ya yi musu baftisma ta kwana uku a ruwan lemun tsami. Tun daga ranar yake shanye dalma da sauran muggan ƙarafan da ke cikin rijiyar unguwa, wadda ke maƙwabtaka da tsohon ramin kuza. Bai taɓa gunaguni ba. Iyakar maganarsa, "ɗis... ɗis... ɗis," sai kuma "gurrr" in ya ƙoshi.

Lafiyarsa lau har aka ce sufeton makarantu zai zo daga Kaduna ran Litinin ya duba shi, in ya gamsu a yi wa kowace makaranta irinsa. Malam ya tafi ɗinkin sabon wando. Surukarsa, Mama Emilia, shugabar Zumuntar Mata, wadda a gidanta ko bayan tukunya ba ya kwana da baƙi, ta leƙa cikin marigayi ta ga baƙi ƙirin. Ta rantse ba za a kunyata 'yarta gaban baƙo ba. Ta kife shi, ta zubar da gawayin, ta bi shi da soso da toka har yana ƙyalli. Tsabta ce ajalinsa.

Sufeto ya zo, ya ga fuskarsa a gindin duro, ya gyara hularsa, ya koma tashar jirgi. Malam ya yi kuka cikin sabon wando.

Marigayi ya bar mazurari ɗaya, bokiti biyu, da randa marainiya.

Za a binne gawayin ran Alhamis da ƙarfe huɗu, a rami mai zurfi nesa da rijiya, domin marigayi ya tafi da gubar unguwa a cikinsa. A hana aladu halarta. Maimakon furanni, a kawo ɓawon gyaɗa. Mama Emilia ta yi alkawarin ba za ta wanke gawa ba.

Masu zuwa ta'aziyya kuma, kowa ya zo da ruwan shansa.