Sarkin Iska Na Hawa Na Huɗu

Ku matso, ku gyara zama, ku ji labarin Don Baldomero Quilodrán, shugaban masu gidaje a wani bene mai hawa huɗu a garin Temuco. Kai, Allah ya yi mutum a nan! Shi kaɗai ya ceto sararin garin daga hayaƙi, in ji shi. Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Iska, shi kuwa ya ɗauka naɗi ne.

Da aka lulluɓe bangon benen da abin riƙe ɗumi, aka sa tagogi masu gilashi biyu da injin ɗumama ɗaki na lantarki, sai ya kafa doka: kowa ya fitar da murhun itacensa.

"Maƙwabta," in ji shi, yana shafa tumbi, "itace na mutanen da ne. Jikokinku za su haddace sunana!"

"Mu dai sanyin ƙafafunmu muka sani, maƙwabci," in ji Doña Ercilia ta hawa na biyu. Duk da haka ta ba da nata.

Zaɓen shugaba ya matso, kujerar nan kuwa ita ce ransa. Sai ya ɗauko hayar wani mai na'urar da ke nuna zafi a hoto, ya tara kowa a titi da safe, sanyin Yuli, tsakiyar hunturunsu, na yankan kunne.

"Inda kuka ga shuɗi, wayewa ce. Inda kuka ga ja, maci amana ne, ni da kaina zan tona shi!"

Hawa na ɗaya shuɗi. Aka yi tafi, ya rusuna. Na biyu da na uku shuɗi. Ya fara ɗaga wa jama'a hannu, ba ya ko kallon hoton. Sai aka ɗaga na'urar sama: ga bango guda a hawa na huɗu ja wur kamar garwashi.

"Ja! Ja!" jama'a suka ɗauka.

"Wane marar kunya ne?" ya daka tsawa. "Ya fito!"

Taga ta buɗe. Matarsa ta leƙo.

"Baldo! Itace ya ƙare, kuma safarka da ka shanya a kan murhu ta fara ƙauri!"

Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Doña Ercilia ta yi dariya har sai da aka riƙe ta.

Ya gyara wuyan riga, ya ce, "Gwaji nake yi, na kimiyya."

To ku, da kuna cikin sanyin nan da ƙuri'a a hannu, wa za ku jefa wa?