Yadda Ake Kafa Kanta Ranar Lahadi Maƙwabciya Ba Ta Ji Ba

Kai mai gida, matso kusa. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kantarka za ta hau bango, ko da hannunka ko da na wani. Ni ban taɓa riƙe guduma ba, amma tagata tana kallon gidan Henning Brodersen, kuma abin da idona ya gani ya ishe ni zama gwani.

1. Jira sai an yi maka barazana

Kada ka kuskura ka taɓa aikin gida da wuri, raini yake jawowa. Henning ya sayo katakon kantar tun bara, ya jingine shi bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi iyali a kai. Sai ranar wata Asabar da yamma matarsa Wiebke ta ce, "Henning, gobe Mama za ta zo shan kofi. In farantan da ta ba mu ba su hau bango ba, Torben zan kira."

Torben kafinta ne. Shi ne kuma saurayin Wiebke kafin Henning ya shigo layi, kuma har yau gashin kansa na nan cif, abin da Henning ba zai iya faɗa game da nasa ba.

"Ina raye Torben ba zai taka falon nan da akwatin aikinsa ba!"

"To, ga bango can yana jiranka, gwani na gwanaye."

2. Tuna cewa gobe Lahadi ce

Ka san dai halinmu a ƙasar nan, Lahadi ranar shiru ce. Ranar Lahadi ko kwalba ba a jefawa a shara saboda ƙara, balle a tada injin huda bango. Bangon falon Henning kuwa, ɗaya gefen nasa falon maƙwabciyarsa Frau Oltmanns ne, wato Uwargida Oltmanns, tsohuwar da take jin hammar mutum ta cikin bulo. Ta taɓa buga masa ƙofa don ya yi atishawa a lokacin hutun rana. Tsoronta yake ji, kuma yana da gaskiya.

3. Haɗa kai da coci

Ga sirrin da gwanaye ke ɓoyewa. Da hantsi ƙararrawar coci za ta ɗauka, ita kuwa babu mai kai ƙararta. Ɗora bakin injinka a bango ka kasa kunne. Ta buga, ka huda. Ta yi shiru, kai ma ka yi shiru, ko numfashi ka riƙe.

Haka Henning ya fitar da ramuka biyu sumul, yana murmushi, yana hango Torben zaune a gida ba aiki ba mata.

4. Kada ka auna komai

Awo na masu shakkar kansu ne. Zaro tsinke mafi tsawo a akwati ka sa wa injin. In matarka ta leƙo ta ce, "Wannan bai yi tsawo ba kuwa?" ka ce ta je ta duba kek ɗinta kada ya ƙone.

5. In ka ji bango ya yi laushi, ƙara dannawa

A rami na uku injin ya zurma har wuya. Ƙararrawa ta ɗauke, sai ga ƙarar fashewar gilashi daga wancan gefen, tas! Henning ya kashe injin. Ya zare tsinken a hankali, ya kai ido bakin ramin.

Wani ido na kallonsa.

"Barka da Lahadi, Herr Brodersen," in ji idon.

"Barka kadai, Frau Oltmanns. Ƙararrawar yau ta yi daɗi, ko?"

"Ƙwarai. Har falona ta shigo ta kakkaɓo hoton marigayi mijina."

6. Nemi sulhu cikin raɗa

Tafi ƙofarta kana sunkuyar da kai, ka ce za ka gyara da kanka.

"Da kanka? Allah ya kiyaye," in ji ta. "Ɗan ƙanwata na nan, ya zo mu ci abincin rana. Kafinta ne. Torben! Zo ka ga aikin maƙwabcina."

Haba! Duk kafintocin ƙasar nan a rasa wanda zai fito daga ɗakin tsohuwar sai shi. Ya fito yana shafa gashin nan nasa, ya duba ramin ya yi fito, ya ce sai ya ga ɗaya gefen. Da ƙafarsa Henning ya raka shi cikin falonsa.

7. Ci kek ɗinka cikin mutunci

Daidai nan surukar Henning ta iso. Ko kallon bangon ba ta yi ba.

"Torben, ɗana! Zo zauna kusa da ni. Wiebke, yanko masa babba."

Torben ya zauna a kujerar Henning, ya cinye kek ɗin tuffa yanka biyu, sannan ya goge baki ya ce, "Yau Lahadi, ba a huda bango, ka sani ai. Gobe da safe zan dawo."

"Gobe ina wurin aiki," in ji Henning.

"Ba komai," in ji Wiebke, "ni ina gida."

8. Ɗauki hutu ranar Litinin

Henning ya buga waya ofis ya ce bayansa ke ciwo. Ya wuni tsaye yana riƙe wa Torben tsani, yana miƙa masa ƙusa in an ce ya miƙo. Kanta ta hau, farantai sun jeru ƙyal-ƙyal. Duk baƙon da ya zo ya yaba aikin, Henning yakan ce, "Tare muka yi," Wiebke kuma sai tari ya sarƙe ta.

Gargaɗi: Kanta na ce za ta hau, ta kuma hau. Ramin bango, hoton marigayi, kujerarka da abin da ya rage na mutuncinka, babu ruwana da ko ɗaya. In kana da ƙorafi ka zo ka same ni, amma ban da ranar Lahadi, don Frau Oltmanns tana jin bugun ƙofa.