Gwaggo Tabawa da Dokar Tashin Jirgi

Tun da na dawo daga Fatakwal zama ya gagare ni. Shekarun da na yi a can sun saba mini da yawo, garinmu Tungar Sallau kuwa ba wurin zuwa sai bakin gulbi da gindin durumi. Gadar da ta haɗa mu da birni ruwa ya tafi da ita tun farkon damina, ba abin da ya rage sai kwalekwalen Sarkin Ruwa, shi ma ranar da gulbi ya cika ba ya ƙetarawa. Saboda haka da na ji mai shela yana cewa baƙi za su zo su yi bayani a kan jirgin ɗaukar marasa lafiya da gwamnati ta sayo, ni na fara isa filin makaranta, har da taya jera benci.

Ina cikin jerawa sai ga Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ta ɗaura gyale a ƙugu. Ita ba kallo ya kawo ta ba. 'Yarta Lantana tana gida goyon ciki, watan haihuwarta ya kama, kuma a awon ƙarshe an ce ɗan a gicciye yake, ba za ta iya haihuwa a gida ba. Gwaggo so take ta ji da kunnenta ko jirgin zai zo ranar da naƙuda ta tashi.

Na ce, "Gwaggo, kin zo ganin helikwafta?"

Ta ce, "Helin me? Kai dai tunda ka sha ruwan Kurmi bakinka ya karkace. Mai saukar ungulu muka san shi."

Ba ta rufe baki ba sai ga shi ya ɓullo ta bayan rimi. Ya yi shawagi, ya sauko tsakiyar fili, iskarsa ta kwashe hulunan dattawa ta tarwatsa kajin hedimasta. Mutum huɗu suka fito suna kakkaɓe riguna. Na gabansu, mai ƙaton agogo, shi ne shugaban kwamitin sa ido a kan tashi da saukar jirgin.

Bayan an yi addu'a an gaisa, shugaba ya gyara murya. Ya ce jirgin nan na talakawa ne, amma ba za a bari a mai da shi a-daidaita-sahu ba, kowa haƙori ya dame shi ya kira. Don haka kwamiti ya shimfiɗa doka. In larura ta taso, a gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya buga wa hakimi. Sannan likita ya duba mara lafiya da idonsa, ya tabbatar abin ya kai intaha. Daga nan kwamiti ya zauna, in ya gamsu, jirgi ya tashi.

Aka tafa. Ni ma na tafa, don hannuna ya gaji da zama.

Gwaggo ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, likitan da zai duba ɗin, a ina yake?"

"A babban asibiti, Inna, cikin birni."

"To, gada ta karye. Me zai kawo shi?"

Shugaba ya yi murmushi ya nuna bayansa. "Ga shi kina gani. Jirgi zai kawo shi."

"Madalla. Ashe da mun kira zai taso da likita."

"A'a, Inna, ba ki bi ni ba. Jirgi ba ya tashi sai likita ya tabbatar."

"Likitan kuma ba ya zuwa sai jirgi ya tashi."

"Kusan haka ne. Wannan gurbin muna sane da shi, an kafa ƙaramin kwamiti yana dubawa."

Dagaci ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani daga baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Gwaggo ta dubi mutanen huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Allah ya ba ku lafiya. Cikinku waye ba shi da lafiyar?"

"Mu? Lafiyarmu ƙalau."

"Na ga ya ɗauko ku ne, na ce ko likita ya duba ku ya ga abin ya kai intaha."

Filin ya ɗauki dariya, har direban jirgin da ke jingine a inuwa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Shugaba ya ɗan taɓa agogonsa, ya ce nasu zuwan na duba aiki ne, dokarsa daban.

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta zura takalmanta, ta ce da ni, "Kai ɗan Fatakwal, tunda ƙafarka ba ta zama, ruga ka ce wa Sarkin Ruwa ya daure ya kwance kwalekwale yau, tun gulbi bai ƙara cika ba. Lantana gidan ƙanin ubanta za ta koma a birni, ta jira haihuwar a can kusa da asibiti."

Shugaba ya ga taron na neman watse masa, ya ɗaga murya. "Haba Inna, ki sa mai tsohon ciki a kwalekwale, alhali ga abin da gwamnati ta kawo muku har gida? Wannan fa ba ruwansa da gada, ba ruwansa da gulbi. Jirgi ne mai saukar ungulu."

Gwaggo ta tsaya, ta ja gyalenta ta yafa, ta ce, "Ai bayaninka ya fito da sunan, ranka ya daɗe. Ita ma ungulun sai ta tabbatar an mutu take sauka."