Rigar Ɓawon Itace a Bikin Bungudu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da rigata ta bar ni tsaye a tsakiyar mutanen Bungudu ba.

Lokacin yaƙin Jamus an ɗebe mu daga Gusau zuwa gabashin Afirka a matsayin 'yan dako. (A gida ce musu na yi soja nake. Allah dai Ya yafe mini.) Can ƙafata ta rure aka kwantar da ni, kuma mai wanke mini gyambon wani bawan Allah ne, Kasule. Kullum in na ce masa "kai Baganda", sai ya gyara mini: shi ɗaya Muganda ne, taronsu ne Baganda, ƙasarsu Buganda. Ban taɓa riƙewa ba, shi kuma bai taɓa gajiya ba.

Ranar rabuwa ya ba ni kyautar wani mayafi ja, launin jar ƙasa. Ba saƙa ba ce. Ɓawon wata itaciya ne 'yar'uwar cediya, suke bugawa da guduma har ya baje ya yi laushi. Ya nuna mini yafawa ake yi. Sannan ya ɗiga ruwa a gefensa, ya ja, wurin ya saki. Ya dube ni ya girgiza kai. Wallahi na gane sarai, ba zan yi wa mutumin ƙarya ba.

Da na dawo, babu abin da ke raina sai Hajo, ɗiyar Malam Garba masaƙi na Bungudu. Tsohon ya riga ya faɗa wa kawuna ba zai ba da ɗiyarsa ga mai baki ba sana'a ba. Ni kuwa na ce masaƙi ai da tufa ake kama shi. Abokina Ɗanjuma zai yi aure a garin, sai na kai mayafin wurin Malam Ila maɗinki na ce a yi mini babbar riga.

Ya murza shi, ya sunsuna. "Wanga abu allura na wuce shi kamar ganye. Kuma damina ta kama, ka sani ko?"

Na ce masa bai taɓa ƙetare Tsafe ba, me ya sani game da tufafin sarakuna? Ya dai ɗinka.

Ranar ɗaurin aure na shiga Bungudu ina taku ɗai-ɗai. Ko taguwa ban sa a ciki ba don kada rigar ta ɓata zama, wandon kuwa tsohon gajeren wandona ne na dako mai faci biyu a baya. Wa zai gani? Mutane suka yanyame ni, wannan ya shafa, wancan ya shafa. Da na hango Malam Garba yana matsowa sai na ƙara murya. Na ce a ƙasar Baganda sarki kaɗai ke sa irinta, na ce sarkin da hannunsa ya ba ni. (Ban taɓa taka ƙasar ba, ko daga nesa.)

Malam Garba ya kama gefen rigar yana neman zare. "To ina zaren ya shiga, ina ya hita?"

"Ai Baba, su sun wuce zare," in ji ni. Ga masaƙi fa na faɗi haka.

Ban rufe baki ba hadari ya haɗo. Kowa ya ruga zaure, amma ni na ga gudu bai dace da mai rigar sarki ba, na ci gaba da takuna. Kafin in kai ƙofa ta sha ruwa ta yi nauyi. Na ɗaga hannu zan gyara ta, sai ɗinkin kafaɗa ya saki a hankali, ko ƙara babu. Na cafe nan, can ya tafi. Na sunkuya in tattara, sai bayan rigar ya rabe biyu, daidai inda mata ke leƙowa ta zana, har da Hajo. Facin nan guda biyu suka gaisa da jama'a.

Jama'a suka kwashe da dariya. Na ji kunya har na so ƙasa ta tsage. Malam Garba ya cire gwadon da ke kafaɗarsa, saƙar hannunsa, ya lulluɓa mini.

"Gobe ka maido min shi da kanka," ya ce. "Ka zamna ka ga yadda aka yin tuhwa."

Na mayar, na zauna, shekara biyu ina jifa da ƙoshiyar saƙa kafin ya ba ni Hajo. Sunan dai ya bi ni. Har jikokina Baganda suke ce mini, kuma a gidanmu duk zanen da ya yage sai a ce ya yi baganda. Wannan ne ke damuna, domin mutanen ba su yi laifin komai ba. Kasule ya faɗa mini gaskiya da ɗigon ruwa, Malam Ila ya maimaita da Hausa. Tun daga ranar, in mai abu ya girgiza mini kai, ba na jira sai sama ta yi mini bayani.