Yadda Ake Raba 'Yan'uwa da Tukunyar Gado

Duk wadda ta bi matakan nan, tukunyar gidansu za ta koma hannunta, 'yan'uwa kuma su yi mata godiya. An gwada. Da su ne Murjanatu, matar wani manomin albasa a Aliero, ta yi amfani bayan rasuwar mahaifiyarta, Inna Hindu, a Maiyama.

1. Ki raina ta a gaban kowa

Ranar rabon gado ki dubi katifa, ki dubi awaki, kada ki dubi tukunya. Ta Inna baƙa ce ta ƙarfe, mai ƙafa uku, shekara shida tana kife bayan rumbu tun da ciwon gwiwa ya raba tsohuwar da murhu. Murjanatu ta taɓa ta da yatsan ƙafa, ta ce tsatsa ta cinye ta.

Yayarta Salima ta ce, "To ki tai da ita mana, ki rage mana tarkace."

Ki yi jim kamar an cuce ki, sannan ki karɓa.

2. Ki ji darajarta a bakin mutum biyu

A Jega, inda za ta sauya mota, Murjanatu ta kai wa ɗan gwangwan. Ya ɗora a sikeli, ya taya da abin da ba zai sayi gero kwano uku ba. Wata tsohuwa mai daddawa a gefe ta ƙwanƙwasa bakin tukunyar, ta kasa kunne har ƙarar ta mutu.

"Ɗiyata, wagga ba a sai da ita. Ta wa ce?"

"Ta innata ce."

"Allah Ya jiƙan ta."

Masana sun tabbatar: wanda ya san darajar tukunya ba shi ne mai kuɗin saye ba.

3. Ki dirje

Toka, yashi, lemun tsami, kwana uku. Mai gida zai leƙo ya ce, kamar yadda Yusuf, mijin Murjanatu, ya ce, "Mi kike nema ciki, zinariya?" Ki ci gaba da dirza. In ta bushe, ki shafe ta da man gyaɗa ciki da waje, ki ɗora a wuta sai ta yi hayaƙi. Ki maimaita. Wanda ya matso da sabulu, ki san ba masoyinki ba ne.

Za ki tarar da wuri guda a mariƙin ya yi sumul, inda hannun mai ita yake kamawa. Ki wuce shi da sauri. Murjanatu ba ta wuce ba, tana zaune har aka kira la'asar.

4. Ki dafa, kada kowa ya sani

Nan Murjanatu ta yi kuskure. Ranar da ta yi dafa-duka, ranar Kawu Almu, ƙanen Inna, ya biyo ta gidan. Ya yi loma uku, ya tsaya. Ya ce a kankaro masa ƙanzo. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Rabona da wannan ƙanzo tun Yaya Hindu na da ƙafa."

Ya wanke hannu, ya ciro waya.

5. Ki karɓi sakamako

Kwana biyu Salima ta kira. Akwai suna a Fagada, akwai biki a Maiyama.

"Ai Inna ke girkin kowane taron dangi. Mai tukunya ita ce mai girki, ko kin manta?"

Murjanatu ta ce a zo a ɗauki tukunyar, ta yafe.

"Gado ya riga ya rabu, ƙanwata. A gaban malamai."

Taro goma sha ɗaya ta yi bana. In motar ta tsaya a ƙofar gidan biki, mutum biyu su sauke tukunyar, mata su leƙo su ce, "Inna ta iso." Murjanatu tana biye da muciya a hannu, ba ta taɓa gyara musu zancen ba.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ya ɗaukar alhakin ciwon baya, ƙunar yatsa ko yawan dangi. Hawayen da za su zo miki a bakin murhu ma babu ruwansa. In an tambaye ki, ki ce albasa ce. Matar Aliero ba a yi mata musu a kan albasa.