Ranar da Na Ce Ɗana Yana Tuƙa

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na fara yi da goyo ba. Ina tsugune ina wanke tumbin ragon layya, sai ƙanin mijina Bashiru, mai karatun dabbobi a jami'a, ya tsaya a kaina yana zuba ilimi. Wai cikin tumbi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa. Wai kuma suna miƙa wa juna wani ɗan zobe na gado, falasmid yake ce masa, wadda ta karɓa sai ta ɗauki halin wadda ta ba ta, har ta daina jin magani.

Ina waigawa, sai ga ɗana ya rarrafo ya tsoma hannu cikin dattin tumbin, ya kai baki.

Kashegari na gan shi zaune yana ta motsa baki, ba komai a ciki, miyau na zuba. Sak akuyarmu in ta kwanta a gindin rumbu. (Ku yi mini adalci, lokacin gubar dalma na ɗaukar yara a ƙauyukan Anka, ko atishawa ya yi sai in zabura in duba shi.) Na ce shi ke nan, zoben ya shige shi, ga shi an ce magani ba ya ci.

Ɗan fari ne fa. A gidanmu na Adabka ko sunansa ba na kamawa, gaban surukata Inna ko kallonsa ba na yi. Amma ranar nan na saɓe shi na haye kabu-kabu ko mayafi babu. Inna ta biyo ni a wani.

Asibiti cike da mata. Na ratsa layi ina kuka: "Sista, ki cece ni! Aminu na tuƙa! Aminuna zai koma rago!"

Sista ta wanke hannu, ta shafa dasashinsa da yatsa. "Madam, haƙori ne yake fitowa."

Sai muryar Inna daga bakin ƙofa: "Ashe kin san sunan yaron ga? Ni cewa nike ba a hwaɗa miki ba ran suna."

Har Sista sai da ta dafa tebur don dariya.

Da muka dawo Bashiru ya ƙarasa bayaninsa: zoben tsakanin ƙwayoyin kaɗai yake yawo, ba ya mai da ɗan mutum dabba. Tun daga ranar, in ɗan jami'a ya fara magana, sai na bari ya kai aya kafin in nemi mai babur.