Kaskon Alhaji Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a rukunin gidajen Tudun Alheri da ke Jos ya san Alhaji Ƙanƙara. Sunansa na yanka Mudi, amma wa ke tunawa? Wata uku kacal bawan Allahn nan ya yi a Rasha, yau shekara ashirin ana shan labari.

"Wannan ne sanyi?" in ji shi, in ya ga mutane sun ƙudundune. "Ni da na yi alwala da ƙanƙara! A can in ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya daskare, sai ka ji ƙwas!"

Shi ne kuma shugaban kwamitin unguwa. Tun da gobara ta ci wani gida, da hannunsa ya rubuta doka: ba kaskon gawayi a ɗaki, ba hitar ɗumama ɗaki mai jan waya, don tana kayar da taransifoma. Iri ɗaya tak aka yarda da ita, mai mai a ciki. Wanda aka kama kuwa, kwana bakwai zai yi yana yashe kwatar unguwa a gaban kowa. Bara Malam Jatau tela ya sha wannan hukunci, Alhaji na tsaye a kansa yana nuna masa inda ya tsallake.

Abin da ba a sani ba, gogan naka yana da tasa hitar a ƙuryar ɗaki, ba ta hutawa. Ran nan, ana tsakiyar sanyi, sai ta yi fus, ta mutu. Mai gyara ya duba ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ta riga mu gidan gaskiya. Irin wadda dokarku ta yarda kuma sai an aiko daga Legas. Sati uku."

Sati uku! Kwana biyu kawai haƙoran Alhaji suka kama kaf-kaf-kaf. Ran na uku da safe ya kira matarsa.

"Talatu, hura mini kasko."

"Alhaji, dokarka fa?"

"Ni na rubuta abata. Hura, na ce!"

Ta kawo masa falo. Ya hau 'yar kujera, ya miƙa hannuwa, ya lumshe ido, daɗi har ƙwaƙwalwa. Sai kawai ya ji, "Salamu alaikum!" Baba Ɗantsoho ne, dattijon unguwa, tare da Jatau tela. Kwana biyu ba su gan shi a sallar asuba ba, suka zo dubiya.

Alhaji ya tuna dokarsa. Kwata! Shi, shugaba guda! Wuf ya ja kasko tsakanin ƙafafunsa, ya baza babbar riga ya rufe ruf.

Aka shiga gaisuwa, kuma ka san Baba Ɗantsoho ba ya gaisuwar gaggawa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya mutanen ƙauye.

"Ya sanyi, Alhaji?"

"Wane sanyi?" in ji Alhaji, gumi na bin gemunsa.

"Ikon Allah!" in ji Jatau. "Baba, mu muna rawar ɗari, Alhaji gumi yake yi."

Sai Jatau ya ɗan ja hanci. Tela ne fa, ko a mafarki ya san ƙaurin shadda. Ya gyara zama.

"Baba, kada mu tashi ba ka yi wa shugabanmu addu'a ba. Doguwar nan."

Kai, Jatau mugu ne! Baba ya ɗaga hannu, ya faro tun daga kakannin kakanni. Alhaji na mutsu-mutsu.

"Amin! Amin! Baba, a shafa!"

Ina! Baba ko iyaye bai iso ba. Hayaki ya fara fitowa ta wuyan riga, siriri, sannan ya turnuƙe. Alhaji ya yi tsalle sama.

"Wayyo Allah! Talatu, ruwa!"

Kasko ya mirgina, ƙwaram! Talatu ta sheƙo da bokiti ta kwara masa, shaa. Ruwan da ya kwana a tsakar gida ne. Mai alwala da ƙanƙara ya kurma ihun da ya tara unguwa kaf a ƙofarsa, ga bayan riga ya ɓule kamar faifai.

Jatau bai yi dariya ba. Fita ya yi, ya dawo da shebur, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, tun bara nake ajiye maka shi. Ka fara ta ƙofar shagona, a nan ta fi cika."